In sayar da gonar gado in sayi injin niƙa kututture?

Wani ɗan'uwa daga yankin Ringim ya turo wannan saƙon, na ɗan taƙaita shi:

"Assalamu alaikum Malam. Sana'ata sare bishiya, ina da injin yanka Stihl guda biyu da yara huɗu da muke aiki tare. Matsalata kututture ce. Duk inda muka kayar da darbejiya ko turare sai mai aiki ya ce to kututturen fa, in mun sa diga da gatari mu kwana biyu a kan guda ɗaya, in mun bari kuma damina ɗaya ya tofo a ce ban iya aiki ba. Yanzu wani Alhaji yana so in cire masa kututturan turare a tsohuwar gonar itacensa, suna da yawa sosai. Wani ejan a Legas ya turo min bidiyon ƙaton injin niƙa kututture na hannu daga Amurka, mai rimot, ya ce in tura kafin alƙalami. Akwai kuma ƙarami ɗan Chana mai araha. Kuɗina ba za su kai babban ba sai na sayar da kasona na gonar gado, Yayana ya ce bai yarda ba, yanzu ko gaisuwa da ƙyar muke yi. Wanne zan saya wanda ba zai ba ni kunya ba?"

Wa alaikumus salam ƙanina, Allah ya sa albarka a nema. Bari in fara da abin da ya fi gaggawa tunda na san ejan ɗin nan yana ta kiranka: kar ka tura masa ko sisi a kan bidiyo, kuma kar ka sayar da gonar. Ba wai don Yayanka ya girme ka nake faɗin haka ba, a'a, don injin da ka gani a bidiyon nan ina ganin ba shi ne naka ba ko da kuɗin suna aljihunka yanzu. A ƙasar nan inji mai aminci shi ne wanda in ya tsaya ranar Talata za ka hau mota ka je Kano ka dawo da kayan gyaransa ranar Laraba, kuma makanikin garinku ya iya kwance shi ya mayar. Girma da rimot da fenti duk bayan wannan suke zuwa.

Kafin mu shiga wanne za a saya, ka fara sanin me injin yake yi don kar ka yi wa mutane alƙawarin da ba zai cika ba. Wani faifan ƙarfe ne mai kauri da aka jera wa haƙora a gefe, yana juyawa da gudu, ana kai shi dama da hagu a kan kututturen yana karce shi kaɗan kaɗan har ya koma ɓarɓashi. Ƙananan suna nitsawa kamar santimita 20 zuwa 30 a ƙasa, manyan sosai su kai wajen 60. To iya nan ne fa. Saiwoyin da suka bazu gefe suna nan daram, ba ya bin su sai kai ka bi su ɗaya bayan ɗaya. Saboda haka wanda zai sa harsashin gini a daidai wurin niƙa ba ta ishe shi ba, dole a tona, don itacen da ya rage gara za ta cinye shi ƙasa ta lotsa, kuma in katanga ta tsage sunanka za a kira. Darbejiya kuma ka fi ni sanin taurin kanta, ko an cinye kututturen takan tofo ta saiwa, sai an riƙa bi ana sare tohon har ta haƙura. Ka riƙa faɗa wa mai aiki wannan tun kafin ku yi ciniki.

Sai maganar da masu sayar da inji ba sa taɓa kawowa, wato wa zai biya. A Amurka da Ingila lebura tsada gare shi shi ya sa injin ya zama sana'a, mu nan kuwa kana da abokan gasa da ba su san kuɗin fetur ba. Akwai masu tono da jinga, akwai ma waɗanda za su tone kututturen ƙirya ko marke kusan a kyauta don su samu itacen su yi gawayi ko su sayar, kai kuma injinka ɓarɓashi zai mayar da shi. Akwai manomin da zai tara karan dawa ya cinna wa kututture wuta ya tafi gida ya kwanta. Inda inji yake cin kasuwa shi ne jikin katanga da ba a son a yi rami, cikin makaranta ko asibiti ko harabar masallaci da ba a son a bar gurbi, gidan da aka shimfiɗa intalok, sai kuma irin aikin Alhajin nan inda kututture ya yi yawan da leburori za su yi watanni a kai. Ka samu ɗan littafi ka zauna da yaranka ku tuna aikin da kuka yi daga sallar bara zuwa yau, kututture nawa kuka bari, wace bishiya ce, faɗinsa nawa, a cikin gida yake ko a fili, kuma mutum nawa ne da gaske suka ce za su ƙara kuɗi a cire, ban da masu ƙorafi kawai don ƙorafi kyauta ne. Abin da littafin nan ya nuna shi zai faɗa maka girman injin da za ka saya, ba aikin Alhaji guda ɗaya ba.

Injinan kusan kashi uku ne. Akwai na turawa da hannu mai injin fetur mai ƙarfin doki 13, irin Honda GX390 ko kwafinsa na Chana. Akwai matsakaita masu tafiya da kansu, doki 25 zuwa 38, irin su Toro STX-38 da Vermeer SC30TX da SC382. Sai manyan masu shan gas, doki 60 zuwa 74 har sama, irin wanda aka nuna maka, nauyinsu ya kai tan ɗaya da rabi zuwa biyu, sabonsu kuma dala dubu hamsin zuwa sama ake magana. Kamfanonin da suka yi suna su ne Vermeer da Rayco da Carlton da Bandit a Amurka, Predator a Ingila, FSI a Denmak. Ba na kushe ko ɗaya, Vermeer ɗin nan da ke garin Pella a jihar Iowa su suka fara ƙera irin wannan inji tun shekarun 1950 kuma kayansu ƙarfe ne na gaske. Amma an ƙera su ne don wurin da dila yake kusa, ka buga waya a kawo maka bel washegari.

Ga inda gizo yake saƙa da babban. Masu shan gas da aka ƙera don kasuwar Amurka daga wajen 2013 zuwa yau suna ƙarƙashin dokar hayaƙi da suke kira Tier 4, injin yana da kwamfuta a ciki, da nozul na lantarki, da yawansu kuma da wata matatar hayaƙi a salansa, sannan an tsara su ne su sha gas mai tsabta ƙwarai wanda sinadarin sulfur ɗinsa bai wuce kashi 15 cikin miliyan ba. Kai kuma ka san gas ɗin da za ka samu a ƙauye, rabi a jarka yake, wani da ruwa wani da kananzir. Yau matata ta toshe, gobe sansa ta kunna ja inji ya rage ƙarfi da kansa, makanikinka ya zo da sifana ya tsaya yana kallo don abin na kwamfuta ne. Rimot ɗin da ya burge ka shi ma in ya lalace ba a Farm Centre, kasuwar waya ta Kano, za a gyara shi ba. Sannan da me za ka ɗauke shi? Kurkura ba za ta ɗauki tan biyu ba, sai ka nemi ƙaramar tirela da motar da za ta ja ta a cikin yashin hanyoyinmu. Matsakaitan ma an yi faɗinsu kamar santimita 89 don su wuce ƙofar lambun Bature, wadda miƙaƙƙiya ce, mu kuwa gidanmu sai ka shiga zaure ka karya kwana ka bi soro ka sake karyawa, darbejiyar da ake so a cire tana can tsakar gida. In ba za a fasa katanga ba to ba mai shiga sai ɗan ƙaramin.

Yanzu bari in daɗe a kan haƙora, don nan kuɗin sana'ar nan suke zurarewa, kuma na lura ko ambatonsu ba ka yi ba a saƙonka. Kowane haƙori akwai ɗan guntun ƙarfe mai tsananin tauri a bakinsa, kabaid, irin wanda ke bakin bit ɗin huda kankare. Itace kaɗai ba ya cinye shi da wuri, ƙasa ce ke cinye shi, kuma ƙasar Ringim da Taura da Gumel har Maigatari rairayi ce, rairayi kuwa cin ƙarfe yake yi, haƙorin da zai daɗe a ƙasa mai laushi a wurinku nan da nan zai dakushe. In aiki ya kai ka Dutse ko Birnin Kudu ko Kazaure kuma sai duwatsu da marmara, can ba dakushewa ba ce, ɓallewa yake. Ga bishiyar cikin gari da ta bakin kasuwa cike take da ƙusa da waya da guntun rodi da aka kafa tun zamanin kakanni itace ya haɗiye su. Haƙori in ya dakushe ba yanka yake ba, duka yake, inji ya yi ta jijjiga, mai ya ƙaru, bel ya yi zafi, boris ya mutu, ƙarshe walda ta fara tsagewa, sai mutum ya ce an sayar masa da mugun inji alhali shi ya kashe abinsa.

Don haka duk injin da za ka saya tambayar farko ita ce wane irin haƙori yake ɗauka, kuma ana samunsa a wurin kamfani fiye da ɗaya? Akwai wani zagayayye da ake kira Greenteeth, in gefe ɗaya ya ci sai ka sassauta noti ka juya shi, har sau uku kafin ka cire, kuma ana yin irinsa da yawa a Chana, ni shi na fi so wa mai aiki a yashi. Ka guji injin da haƙorinsa na musamman ne ba mai yin sa sai kamfanin. Ranar da za ka sayi inji ka haɗa da saiti uku ko huɗu na haƙora da mazauninsu da notinansu, in kuɗinka ba su kai haka ba to ba su kai injin ba ke nan. Wasa su kuma dutsen garanda na masu walda ba ya cin kabaid, sai faifan daimon ko koren dutse, kuma mai wasawa ya rufe hanci da baki sosai don ƙurar tana da illa ga huhu. Wata dabara da ba ta cin ko kwabo: kafin a kunna inji yara su sa shebur da fartanya su yaye ƙasar gindin kututturen su tsince duwatsu, kai kuma ka sa Stihl ɗinka ka rage tsayinsa iya yadda za ka iya ba tare da sarƙa ta taɓa ƙasa ba.

Ƙura da zafi su ne na biyu. Injin yana aiki ne a cikin ƙurar da shi da kansa ya tayar, ga hazo a lokacin hunturu, ga zafin Afrilu da Mayu da yake haura digiri 40. Ka nemi mai iyakilina biyu, wato matatar iskar da inji ke sha, ta waje da ta ciki, a kakkaɓe kullum, kar yaro ya wanke ta takarda da fetur ko ya huda ta wai inji ya sha iska. Giris a boris ɗin faifan duk ranar aiki. In mai lagireto ne a hure ɓarɓashin da ke toshe shi, in mai haidirolik ne a zuba man haidirolik na gaske lamba 46 ko 68, ba baƙin mai da aka juye daga mota ba.

To me zan saya in ni ne kai? Ni dai da wanda ake ɗaura wa tantan zan fara, kuma ina mamakin yadda mutane ba sa tuna shi. Akwai injin niƙa kututture da ba shi da injin kansa, a bayan tarakta ake rataya shi kamar haro, shaf ɗin bayan taraktar mai juyi 540 a minti shi ke juya faifan. Ka ga an cire maka abin da ya fi tsada kuma ya fi lalacewa. Massey Ferguson 375 doki 75 gare ta, daidai da ƙaton da ejan ya nuna maka, injinta Perkins ne da kowane makanikin tantan daga Hadejia zuwa Kura ya san cikinsa, kayan gyaranta kuma ga su nan a Kano. Sannan lokacin ya dace, tantan a farkon damina take shan aiki, da rani yawanci tana kwance in ban da jigila da 'yan wuraren noman rani, aikin kututturen gona kuwa da rani ake yin sa bayan an kawar da amfani. Ba sai ka sayi tarakta ba, ka samu mai ita ku yi yarjejeniya, ko haya ta kwana ko kaso a cikin aiki, a rubuce da shaidu, a faɗi wa ke zuba mai wa ke biyan direba wa ke gyara in abu ya karye.

Amma shi ma akwai abin dubawa. Da yawa daga cikin waɗanda ake tallatawa a intanet an yi su ne don ƙananan taraktoci masu doki 15 zuwa 45, in ka ɗaura wa 375 giyabos ɗinsa ba zai jure ba, sai ka tambayi iyakar ƙarfin da aka rubuta masa ka zaɓi wanda ya kai na taraktar. Dole ya zo da abin kariya a shaf, ko kulocin da ke sulɓewa ko notin da ke karyewa in faifan ya ci karo da dutse, kuma in notin ya karye kar direba ya ce bari a sa mai tauri don a huta, karyewar ita ce aikinsa, in bai karye ba giyar tantan ɗin mutane ce za ta karye, ka shiga rigimar da ta fi ta Yayanka. Kuma iri biyu ne: akwai wanda sai taraktar ta riƙa matsawa a hankali tana jan faifan cikin kututturen, wannan da tarakta mai giya irin namu cin kuloci yake yi, akwai kuma mai hannun haidirolik da ke lilo dama da hagu taraktar tana tsaye. Na biyun za ka nema, sai ka duba ko tantan ɗin tana da mahaɗar tiyon haidirolik a baya, wasu tsofaffin babu amma ana iya sa musu. Turare kuma ba shi da wuyar niƙa in aka kwatanta da tsamiya ko ƙirya, kuma a gonar itace a layi aka dasa su, tantan za ta bi layi ne kawai.

Ɗan Chanan kuma kar ka raina shi, kar kuma ka ɗora masa abin da ya fi ƙarfinsa. Shi ne na cikin gida da lungu. Kyansa injinsa irin na janareto ne da injin ban ruwa, wanda ake rubuta wa 188F ko 190F, kabireto da fulogi da igiyar tayarwa duk akwai su a Sabon Gari, kai har kasuwar Gujungu ranar Lahadi ba za ka rasa wasu ba, in ma ya mutu gaba ɗaya ka cire ka ɗaura wani. Abin da za ka duba jikin ne: kaurin faifan, kyan walda, boris mai gida wanda lambarsa take a rubuce ana samun irinsa a kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano, bel na gama-gari mai lamba, birkin taya da ke riƙewa da kyau don a kansa injin ke lilo, da hannun da in ka sake shi faifan zai tsaya. Araha ba ta ado, in akwai biyu ka ɗauki mai nauyin. Amma ka sani ƙarfin ƙirjin mai riƙe shi ne rabin aikin, kututturen darbejiya matsakaici zai ci shi lafiya, tsohuwar tsamiya mai faɗin mita kuwa wuni za a yi ana jijjiga. In ka kai shi gonar Alhaji ka ce da shi za ka gama, kafin ka kai rabi ko inji ya mutu ko yaran su gudu. Kuka da giginya da goruba su kuma wata fitina ce daban, ba tauri ba, zare gare su da ke cushewa, sai ana tsayawa ana yayewa.

In kuma bayan shekara ɗaya ko biyu littafinka ya nuna aiki ya fi ƙarfin waɗannan, lokacin ne za ka nemi mai tafiya da kansa, kuma tsohon yayi za ka nema mai famfon gas na gargajiya, injin Kubota ko Deutz ko Perkins, mai liba ba mai rimot ba. Ka je da makanikinka ku gan shi ido da ido, gani ya kori ji. A tayar da shi da sanyinsa a gabanku, in kun tarar an riga an ɗumama shi ku dawo gobe da sassafe. Ku duba hayaƙi, ku buɗe murfin baƙin mai yana aiki ku ga ko yana huci, inji a kashe ku kama faifan ku girgiza ku ji ko boris yana wasa, ku leƙa inda hannun ke lilo ko akwai tsaga ko sabuwar walda da aka shafe da fenti, ku duba yoyon mai a tiyo. Agogon awa kar ka yarda da shi ɗari bisa ɗari, ana canza shi. Lambar jikin inji ta kasance tana nan ba a kankare ba. Sannan a kai shi kan kututture na gaske ya yi aiki rabin awa, don wani ciwon sai mai ya yi zafi yake fitowa. Kuma duk abin da za a shigo da shi daga waje, ko na tantan ɗin ne, farashin da aka faɗa maka ba shi ne ƙarshe ba, akwai kuɗin jirgi, kwastan, takardar shigo da kaya da ake kira Form M, ejan na fito, da motar da za ta kawo shi daga tashar jirgin ruwa ta Apapa ko Tin Can a Legas. Ka sa a rubuta maka jimillar har Kano. 'Yan kasuwarmu da ke zuwa Guangzhou a Chana suna da yawa, gara ka bi ta hannun wanda ka san shagonsa da gidansu ya sa maka a kwantenarsa da ka tura kuɗi wa lambar waya.

Dan Allah maganar tsaro kar ka ɗauke ta wasa. Faifan nan yana harba dutse da guntun ƙarfe da ƙarfin da zai fasa gilashin mota ko idon mutum, kuma ka san ƙauye, ana jin ƙarar sabon inji yara za su yanyame wurin har da masu talla. Ka ware mutum ɗaya aikinsa kawai korar yara, a kafa kariya da tsohon kwano ko katako ta ɓangaren da yake feshi. Mai aiki ya sa tabarau da abin toshe kunne da takalmi rufaffe, ba silifa ba. Kusa da shaf ɗin tantan kuwa ba babbar riga, ba rawani, ba jallabiya, kuma murfin robar shaf ɗin ya zauna a wurinsa, don in ya kama tufafi kafin a kashe inji an gama. A cikin gida ka tambayi inda bututun ruwa da wayar wuta da ramin masai suka bi kafin ka nitsa faifai.

Wani abu kuma da zan faɗa ko ba ka tambaya ba. Ba kowane kututture ne abin niƙawa ba. Nan maƙwabtanmu Maraɗi tun wajen 1983 wani ɗan Ostareliya Tony Rinaudo da manoman yankin suka fara abin da ake kira sassabin zamani, maimakon a tumɓuke kututture mai rai sai a bar toho ɗaya ko biyu masu ƙarfi a sassabe sauran, da haka bishiyoyi suka dawo a miliyoyin hekta a Maraɗi da Damagaram ba tare da dashe ba. Mu da hamada ke matso mu ta Maigatari da Babura, in manomi ya kira ka ka niƙe masa kututturen gawo mai rai a tsakiyar gona ka ba shi shawara tukuna, gawo da damina yake zubar da ganye, ba ya hana gero rana, taki ma yake ba shi. Shi kansa turaren Alhaji ka tambaye shi ko ya san yana sake tofowa a kuma sare shi a sayar, wataƙila ya sani gonar yake so ya mayar ta noma, to shikenan. Kuma ka tabbatar gonar itacen tasa ce ba cikin shingen bishiyoyin gwamnati na kare hamada ba, ka ga malamin daji na ƙaramar hukuma ka karɓi izini a rubuce, don in aka zo kamu inji ake fara ɗauka. In za a noma wurin a kwashe ɓarɓashin kar a cuɗa shi da ƙasa, yana riƙe takin ƙasa kafin ya ruɓe sai ka ga masara ta yi ɗorawa a daidai gurbin. Masu kaji da masu lambu za su iya saye, ka gwada tallata musu.

Yayanka kuma ka shirya ka je ka same shi har gida bayan isha'i, ba a waya ba, kuma kar ka je da niyyar nuna masa waye ya fi gaskiya. Ka ce Yaya na fasa taɓa gona, ga abin da nake so in yi, ka nuna masa littafin da lissafin na tantan ɗin. Mutumin da ya hana ka sayar da ƙasa ba maƙiyin sana'arka ba ne, ƙila ma shi zai haɗa ka da mai tarakta ko ya tsaya maka shaida a yarjejeniyar. Shi kuma Alhaji ku je gonar tare ku ƙirga kututturan, ka auna faɗin guda ashirin daga wurare daban daban, ku yi ciniki a kan kowane kututture gwargwadon faɗinsa da zurfin da yake so, ba jimilla a dunƙule ba, kuma ya ba da wani abu a gaba wanda da shi za ka yi odar haƙora. In ya ƙi ba da ko kaɗan to ka san aikin bai nuna ba tukuna, sai ka fara da ɗan ƙaramin da kuɗin hannunka. In ka samo wanda za ka saya ka turo min hoton farantin da ke jikin giyabos ɗin da na haƙorin da sunan taraktar da za ka ɗaura wa, in duba maka ko sun dace kafin ka biya.